Ra'ayinmu: Aikin Sito Ba Na Wanda Ya Rasa Abin Yi Ba Ne

Kowace shekara idan jarrabawar ƙarshe ta ƙarato, hirar ɗalibai ba ta wuce ta neman aiki. Wannan yana hangen banki, wancan kamfanin mai, wani kuwa ba shi da buri sai kujerar babban sakatare. Da wuya ka ji wanda ya ce so yake ya zama jami'in sayayya da ajiyar kaya. A ganin yawancinmu aikin sito na wanda bai yi nisa a karatu ba ne. Mu kam muna ganin wannan raini kuskure ne, kuma ƙasar nan ta daɗe tana ɗanɗana kuɗarsa.

Wanda ke shakka ya tuna da abin da ya faru a tashar jiragen ruwa ta Legas cikin 1975. Kuɗin mai sun shigo, sai gwamnati ta ba da kwangilar sayo siminti fiye da tan miliyan 16 daga ƙasashen waje, alhali tashar ba ta iya sauke abin da ya wuce kamar tan miliyan 1 a shekara. Kafin a farga jirage fiye da 400 sun yi cirko-cirko a bakin teku. Aka yi ta biyan masu jiragen kuɗin jira wata da watanni, wani simintin ya sha danshi ya daskare, sauran kayan masarufi kuwa suka rasa hanyar shigowa. Lalle akwai hannun maciya amana a ciki. Amma da akwai ƙwararrun da ake jin maganarsu, tambayoyi uku sun isa su tsai da wannan ɓarna: nawa muke bukata, yaushe muke bukatarsa, ina za mu sauke shi?

To, amsa waɗannan tambayoyi shi ne aikin. Mai ƙiyasin bukata yakan duba abin da aka yi amfani da shi a shekarun baya, ya lura da yadda damina da rani da bukukuwan salla ke ɗaga bukata ko su rage ta. Sa'an nan ya lissafta kwanakin da kaya ke ɗauka daga ranar oda zuwa ranar isowa, ya ware ɗan abin da za a ajiye saboda tsaro. In ya yi ƙasa da ƙima, asibiti ya rasa magani. In ya zarce, kuɗin jama'a su kwanta a sito har kayan su lalace. Manomin da takin zamani ya iske shi bayan gero ya fid da kai ya fi kowa sanin amfanin wannan lissafi.

Wannan ilmi ba a tsintarsa a hanya. Mai digiri ko babbar difloma a fannin tattalin arziki, ƙididdiga, akanta, injiniya ko sha'anin kasuwanci ya riga ya sami tushe, sai ya ɗora da takardar ƙwarewa. A gida akwai cibiyar ƙwararrun sayayya da sarrafa kaya, watau CIPSMN, wadda doka ta tabbatar da ita a 2007. A shekarar ce kuma aka kafa dokar sayayyar gwamnatin tarayya da hukumar da ke sa ido a kanta. Akwai CIPS ta Ingila, wadda ake iya rubuta jarrabawarta mataki-mataki ana cikin aiki. A Zariya akwai cibiyar nazarin fasahar sufuri, NITT, tun 1986. Bayan takarda, dole mutum ya iya sarrafa alƙaluma da kwamfuta, ya kuma yarda ya fara daga ƙasa, yana ƙirga buhuna da hannunsa.

Guraben aiki kuwa ba a Legas kaɗai suke ba. An buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023. Masana'antu, kamfanonin rarraba kaya, ma'aikatun lafiya da ƙungiyoyin agaji duk suna neman wanda ya san wannan aiki.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai su daina yi wa wannan fanni kallon hadarin kaji. Matasan ma'aikata da aka tura sashen sayayya kada su ɗauka horo aka yi musu. Su nemi ilmin, su riƙe amana, gama wuri ne da 'yan kwangila ke yawan gwada zuciyar mutum. Hukumomi kuma su daina mai da sashen wurin saka wa ɗan gida. Jami'in da ya kawo alƙaluma ya ce oda ta yi yawa, a saurare shi, kada a yi masa canjin wurin aiki. Rigakafi dai ya fi magani, kuma ƙasar da ta taɓa biyan kuɗin daskararren siminti bai kamata a sake koya mata wannan darasi ba.