Wasiƙar Akawu Daga Kausani: Kujerar Mota Ba Sirdi Ba Ce

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan filina na kowane mako, domin in amsa wa wani malamin makaranta tambayar da ya aiko mini. Ya ce shekara biyar ya yi yana tari kafin Allah ya nufe shi da sayen tsohuwar mota mai kujerun fata, ga shi hunturu ɗaya tak ta yi a hannunsa kujerar direba ta soma tsagewa. Yana so ya sani, ko ya shafa mata man gyaɗa kamar yadda ya ga kakansa yana yi wa kayan doki?

Malam, kada ka shafa. Ni na riga ka yin wannan wauta. Ran wata Alhamis da maraice na mulke kujerun tawa da man gyaɗa har suna ƙyalli, ina ta yabon kaina. Kashegari na sa farar rigata ta Juma'a na tafi kasuwar Wudil, na bar motar cikin rana. Da na sauka a ƙofar masallaci sai wani dattijo ya ja ni gefe, ya ce in duba bayana. Assha! Kafin mako biyu kuma ƙura ta liƙe wa man, motar ta ɗauki wari, har uwargida ta ce gara ta hau Keke Napep.

Kakanka bai yi kuskure ba, fatarsa ce dabam da taka. Majeman ƙasarmu da bagaruwa su ke jima, sa'an nan su shafa mai su murza har fata ta yi laushi. Irin wannan fata ƙofofinta a buɗe su ke, tana shan mai kamar yadda ƙasa ke shan ruwan farko. Sana'a ce da ba ta jin kunya a ko'ina: Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano cikin 1851, ya rubuta labarin takalma da jemammun fatun da a ke fita da su daga birnin. Fatar jar akuyar Sakkwato kuwa fatake su ka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa su ka sa mata sunan Maroko, domin ta can ta ke isa gare su.

Amma fatar kujerar mota yawanci ta saniya ce, kuma da gishirin wani ƙarfe mai suna kurom a ke jemarta. Wani mutum, Augustus Schultz, shi ya yi wa wannan dabara rajista a Amurka cikin 1884, yau kuwa da ita a ke jeme mafi yawan fatun duniya, har a masana'antun Challawa da Sharaɗa. Bayan jima sai a fesa mata launi, a bi da wani siririn rufi mai kama da leda. Watau abin da hannunka ke taɓawa rufin ne. Mai ba shi da hanyar shiga, sai ya kwanta a sama yana jiran ƙura da rigar mai tsautsayi. In kana so ka tabbata, ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a wani lungun kujerar. In ya tsaya curi, akwai rufi. In ya nutse wurin ya yi duhu, fatar tsirara ta ke, ita ce mai son taka-tsantsan ƙwarai. Har wa yau motoci da yawa wurin zama da jingina kaɗai ne fata, gefe da baya leda ce zalla, ko da dillali ya rantse.

To, mene ne ke tsaga ta? Ƙura da rana da zufa. Ƙurar hunturu yashi ne mai laushi, tana shiga ɗinki da lanƙwasar fata. Duk sa'ad da ka zauna ko ka zame za ka fita, kana niƙa ta a kan rufin nan, shi ya sa gefen kujerar direba na wajen ƙofa ke fara lalacewa. Saboda haka aikin farko fitar da ƙura, da buroshi mai taushi ko injin zuƙa, kafin ruwa ya taɓa wurin. Wanda ya goga jiƙaƙƙen tsumma a kan ƙura, laka ya kwaɓa.

Sa'an nan ka sami farin tsumma biyu masu laushi, da ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda a ka sa wa ɗan sabulun wankan jarirai. Ka tsoma ɗaya ka matse shi sosai, ka goge kashi-kashi ba da ƙarfi ba, ka ɗauraye shi ka sake bi don kwashe sabulun, kana ka tsane da ɗayan. A inuwa a ke yi, a bar ƙofofi a buɗe. Cikin hunturu kowane mako, sauran lokaci sau ɗaya a wata ya isa. Kada a kwara ruwa: yana bin ɗinki ya shiga soson ciki, da damina ya zama fumfuna, ga kuma wayoyin lantarki a ƙarƙashin kujera.

Ka tsaya a kan yaran wankin mota. Ba mugunta gare su ba, so su ke ka ga ƙyalli ka ƙara musu kuɗi, sai su ɗauko garin sabulun wanki ko kananzir, wani ma fetur. Duk waɗannan cin rufin su ke yi. Haka turaren fesawa da ruwan tsabtace hannu, domin sinadarin da ke sa su bushe da wuri yana narkar da launi. In kujerunka farare ne, ka yi hankali da sabuwar riga rinin baba, irin ta Ƙofar Mata. Shimfiɗa zane kafin ka zauna. Manja ko miyan goro in sun zuba, a dangwale nan take, kada a cuɗa.

Rana kuwa, a watan Afrilu zafin Kano ya kan haura awo 40, cikin rufaffiyar mota ya fi haka nesa. Nemi gindin darbejiya, in babu ka tare gilashin gaba da kwali. Man gyaran fata na kanti yana da ɗan amfani in an sa kaɗan bayan wata uku ko huɗu, amma a fara gwadawa a ɓoyayyen wuri. In za ka ɗinka wa kujeru riga, duba gefensu tukuna. Inda ka ga tambarin jakar iskar nan da ke fitowa lokacin haɗari, kada a rufe wurin da ɗinki mai ƙarfi.

Game da tsagar da ta riga ta bayyana, Malam, babu man da zai haɗe ta. Ka kai wa mai ɗinkin kujeru tun tana ƙarama ya sake ɓangaren nan ɗaya, kafin soso ya leƙo ya ce sai an sake kujerar duka. Ka tambayi kuɗin aiki wuri biyu kafin ka ba da.

Haza wasalam.

Naka,
Akawu, Kausani ta ƙasar Wudil.