Bidiyon Hukuma Da Ke Ƙin Buɗewa A Ɗakin Taro: Rashin Ƙa'ida Ne Sila

Da wuya a samu ma'aikacin da ya daɗe yana halartar tarurruka a ma'aikatun tarayya da ke Abuja bai taɓa shaida wannan abin kunya ba. Manyan baƙi sun zazzauna, an rage fitilu, hadimin da aka ɗora wa nuna bidiyon aikin da hukuma ta kammala ya danna, sai allo ya yi baƙi ƙirin, murya na tashi babu hoto. Idanu sukan koma kan hadimin, shi kuma ya ɗora wa kwamfuta, bayan mako guda takardar neman sayen sabuwa ta isa teburin darakta. Sau da yawa kuwa kwamfutar lafiyarta ƙalau. An shuka matsalar tun ranar da aka ɗauki bidiyon, domin babu wanda ya gaya wa mai ɗauka tsarin da hukuma ke buƙata.

Kowane fayil na bidiyo abu biyu ne a haɗe. Akwai mazubi, wanda haruffan ƙarshen sunan fayil ke nunawa, irin su MP4, MOV, MKV da AVI. Akwai kuma kodek, wato dabarar da aka bi aka matse hoton da sautin domin su ragu, irin su H.264, HEVC da AV1 a ɓangaren hoto, da AAC a ɓangaren sauti. Duk wanda ya yi aiki a sashen karɓar wasiƙu zai gane bambancin nan take. Mazubi ambulan ne, kodek kuwa harshen da aka rubuta wasiƙar da ke ciki. Ambulan biyu na iya zama iri ɗaya sak, ɗaya na ɗauke da Hausa, ɗaya da Faransanci, kuma iya buɗe ambulan bai sa mutum ya iya karanta abin da ke ciki ba. Shi ya sa wani MP4 ke buɗewa salin-alin, wani MP4 ɗin ya ƙi a kwamfuta guda. Shi ya sa kuma dabarar nan ta goge MOV a sunan fayil a rubuta MP4 ba ta cika haifar da komai ba, tunda adireshin bayan ambulan kawai aka sauya.

Abin ya ƙara yawaita ne bayan 2017, lokacin da kamfanin Apple ya mayar da HEVC tsarin da sababbin wayoyin iPhone ke ɗaukar bidiyo da shi kai tsaye. An fito da HEVC a 2013 da nufin bidiyo ya ci kusan rabin wurin da H.264 na 2003 ke ci ba tare da hoton ya dishe ba. Sai dai yana tattare da kuɗin lasisi, don haka kwamfutoci da dama masu Windows ba sa karanta shi sai an girka musu wani ƙari daga shagon Microsoft, wanda kuɗinsa bai cika dala ɗaya ba. Kuɗin ba shi da yawa, amma ma'aikacin da ba shi da izinin girka komai a kwamfutar ofis, ga shi saura minti goma a buɗe taro, ba kuɗin ne damuwarsa ba. Shi kansa Microsoft abin da yake ba masu amfani da PowerPoint shawara a kai shi ne MP4 mai H.264 da AAC.

Alamar cutar takan nuna inda take. Idan ana jin murya babu hoto, na'urar ta buɗe mazubin, kodek ɗin hoto ne ba ta sani ba. Idan akwai hoto babu murya, a binciki na sauti, abin da ya fi faruwa a manyan talabijin na ɗakunan taro da ake soka wa filasha. Idan hoton na sarƙewa yana tsalle-tsalle, galibi bidiyon ya fi ƙarfin tsohuwar na'ura ne, musamman wanda aka ɗauka a 4K. Mafi muni shi ne fayil ɗin da ya ƙi buɗewa a ko'ina. Na'urori da yawa sai a ƙarshen ɗauka suke rubuta jadawalin da ke bayyana inda kowane hoto yake a cikin MP4, saboda haka idan wuta ta ɗauke ko batir ya mutu ana tsaka da ɗauka, sai a tashi da fayil mai nauyi marar jadawali. MKV ya fi jure irin wannan yankewa, kuma a ƙasar da janareta ke iya yin tari a tsakiyar jawabin minista, wannan ba ƙaramin dalili ba ne. Akwai ma matsalar da ba ruwanta da kodek ko kaɗan: filashar da aka tsara da FAT32 ba ta karɓar fayil da ya haura gigabait 4, ko da kuwa babu komai a cikinta.

Maganin gaggawa sananne ne, kuma kyauta. Manhajar VLC, wadda ta samo asali daga aikin ɗalibai a wata makarantar injiniya ta Faransa, tana zuwa da nata kodek, don haka tana buɗe akasarin abin da aka ba ta. MediaInfo na bayyana abin da ke cikin fayil, HandBrake na juya shi zuwa H.264. Mai iPhone na iya shiga saitin kyamara ya zaɓi Most Compatible tun kafin ya fara ɗauka. Abin da ya kamata a yi wa kashedi mai ƙarfi shi ne ɗabi'ar hawa intanet cikin firgici a sauko da duk wani kunshin kodek da aka ci karo da shi. Tsohuwar hanya ce ta cusa wa kwamfuta manhajar leƙen asiri, kuma kwamfutar da ake magana a kai tana ɗauke da takardun gwamnati.

Kunyar ɗakin taro takan wuce cikin yini guda. Abin da ba ya wucewa shi ne asarar bayanan hukuma. Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a Ibadan a 1954 kuma take da reshe a Kaduna, tana riƙe da takardun zamanin Turawa da mai bincike zai iya karantawa yau da idonsa kawai. Bidiyo ba haka yake ba, rayuwarsa na rataye ne da manhajar da ke karanta shi, manhajoji kuwa suna mutuwa. Apple ya daina kula da QuickTime na Windows a 2016, Adobe ya rufe Flash a ƙarshen 2020. Hukumar da ta jibge zaman sauraron ra'ayin jama'a, ko shaidar duba wata kwangila, a faifan da babu wanda ya san tsarinsa, ta bar wa magadanta wahala. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomi adana bayanansu ta yadda za a iya samun su, ta kuma ba su kwana bakwai su amsa wa mai nema. Fayil ɗin da ba ya buɗewa bai cika wannan wajibi ba.

A kotu lamarin ya fi tsanani. Kyamarorin tsaro na ofisoshi sukan fitar da bidiyo a tsarin kamfanin da ya ƙera su, kamar DAV na na'urorin Dahua, wanda galibi sai da manhajar kamfanin ake kallonsa yadda ya kamata. Jami'in da ya juya irin wannan zuwa MP4 ya goge na asali, ko ya tura shi ta WhatsApp inda ake ƙara matse shi a hanya, ya miƙa wa lauyan ɗaya ɓangaren makami. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 na neman takardar da ke bayyana yadda na'ura ta samar da shaidar, kuma duk wani sauyi da aka yi wa fayil tambaya ce da za a amsa a gaban alƙali.

Za a iya cewa H.264 ya tsufa, ya fi cin wuri da data, ga kuma AV1 na 2018 wanda aka tsara ba tare da kuɗin lasisi ba. Gaskiya ne. Amma ma'aunin gwamnati shi ne na'ura mafi rauni da bidiyon zai isa gare ta, kamar tsohuwar kwamfutar ofishin shiyya a Gusau ko Jalingo, da ƙaramar wayar ɗan ƙasa da aka yi sanarwar dominsa. A wannan ma'auni har yanzu babu wanda ya kamo H.264.

Abin da ake buƙata bai wuce takardar umarni mai shafi ɗaya ba, daga Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya tare da NITDA, wadda dokarta ta 2007 ta ba ta ikon fitar da ƙa'idojin fasahar sadarwa. Duk bidiyon da za a nuna ko a rarraba ya kasance MP4 mai H.264 da AAC. Fayil na asali a adana shi yadda ya fito daga na'ura, a wurare biyu, tare da bayanin rana da wuri da wanda ya ɗauka. Abin da ya cancanci ajiyar dindindin a yi masa kwafi a tsarin da manyan ma'adanan duniya suka karkata gare shi, irin su FFV1 a cikin MKV, wanda ba ya zubar da komai daga hoton. Ɗan kwangilar da aka ba ɗaukar taro ko kafa kyamarori kuwa, a rubuta masa waɗannan sharuɗɗa a cikin yarjejeniya, kuma kada a sa hannu a takardar biyansa sai jami'in da ya karɓi aikin ya buɗe fayil ɗin a kwamfutar ofis ya kalle shi daga farko har ƙarshe.