Tsakanin Sakkwato da Maiduguri: Kasaru da Nisa Ake Yinta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Talikai. Bayan haka, ya ku malamai da fatake, gardama ta yawaita a zauruka game da wanda ya shiga jirgin sama ya sauka tun kafin ya ji gajiya: shin zai yi kasaru ko kuwa zai cika salla?

Mu yi misali da filin jirgin Sakkwato da na Maiduguri. Tsakaninsu, in an miƙe ta sama, kimanin kilomita 860 ne, ta hanyar mota kuwa ya haura 1,000. Ƙaramin jirgi mai farfela da ke cin kilomita 500 a sa'a zai yanke wannan nisa cikin kusan sa'a biyu, babba kuwa sa'a guda da 'yan mintoci. A zamanin ayari, Baturen nan Clapperton ya baro Kukawa ta Barno cikin Disamba 1823, ya yada zango Kano, bai isa Sakkwato ba sai Maris 1824. Tafiyar wata uku ta koma ta hantsi guda. Tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba!

Wannan ne ya ruɗi waɗansu, har suka ce tun da wahala ta kau, sauƙin Shari'a ma ya kau. Lalle wannan magana ba ta tsayu ba. A mazhabar Imamu Malik an rataya kasaru ne ga nisan tafiya, watau baridi 4, mil 48 ke nan na malaman fiƙihu, abin da ya kai wajen kilomita 80 da ɗoriya. Haka yake cikin Risala, Muhtasar kuma ya sanya matafiyin teku ƙarƙashin wannan hukunci. Wahala ba ta da ma'auni, gama abin da ya gajiyar da tsoho wasa ne ga saurayi. Nisa kuwa kowa yana iya auna shi. Tsakanin biranen nan biyu akwai ninkin wannan iyaka wajen sau goma.

Saboda haka matafiyin jirgi, matuƙar tafiyarsa ba ta saɓo ba ce, sunna ce gare shi ya mayar da Azahar da La'asar da Lisha raka'a bibbiyu, daga sa'ad da ya wuce gine-ginen garinsu. Asuba da Magariba ba a taɓa su. In ya yi niyyar zaman kwana 4 inda ya sauka, sai ya cika.

Sai dai akwai wurin da saurin jirgi ke bukatar lura. Agogon Sakkwato da na Maiduguri ɗaya ne, amma rana tana riga faɗuwa a Maiduguri da wajen rabin sa'a, domin tana gabas. Falken da ya dogara ga lokacin gida, La'asar tana iya kuɓuce masa. Wanda ya nufo yamma yana azumi kuwa, in ya sha ruwa bisa lokacin Barno, ya sha da sauran rana. Kowa ya bi ranar inda yake, ya saurari ladanin garin da ya sauka.

Muna roƙon malamai su karantar da wannan babi ga 'yan kasuwa, su kuma fatake su tambaya tun kafin su yanki tikiti. Allah ya kai kowa lafiya, ya komo da shi lafiya. Allah shi ne mafi sani. Wassalam.