Ranar Lahadi a Bogota: Titi ya zama dandali, amma ina rabon mata?

'Yan'uwana mata da 'yan makaranta, a wannan mako za mu leƙa Bogota, babban birnin ƙasar Kolombiya da ke Amurka ta Kudu. A watan Disamba na 2024 mutanen birnin suka yi bikin cikar wata al'adarsu shekara 50, wadda su ke kira Ciclovía, watau hanyar keke. Kowace Lahadi da kowace ranar hutu, daga ƙarfe 7 na safe zuwa ƙarfe 2 na rana, akan hana motoci bin manyan tituna masu tsawon kilomita fiye da 120, a bar su ga masu keke da masu tafiya ƙasa.

Asalin abin kuwa ƙorafi ne. Ran 15 ga Disamba, 1974, waɗansu matasa, cikinsu har da wani mai zanen gine-gine, Jaime Ortiz Mariño, suka nemi izni suka rufe tituna biyu na 'yan sa'o'i, don su nuna cewa motoci sun cinye gari. Mutane wajen 5,000 suka fito. A 1976 hukumar birnin ta mai da abin doka. Daga nan ya yi ta bunƙasa, har garuruwa da yawa na duniya suka kwaikwaya.

Wanda ya ji labarin zai zaci motsa jiki ne kawai, amma abin ya wuce nan. Titin yakan koma kamar kasuwa da dandali a haɗe. Ga mai faci da mai gyaran birki sun kafa rumfa a gefen hanya, ga mata masu sayar da ruwan lemo da yankakkun 'ya'yan itatuwa da wainar masara. Makaɗa suna nasu, a filaye kuma malaman motsa jiki suna koyar da rawa kyauta. Samari da 'yan mata, galibinsu ɗalibai, hukuma takan ɗauke su aikin tsaron hanya da taimakon wanda ya faɗi. Ɗan mai kuɗi na arewacin birnin da ɗan talaka na kudu, waɗanda da wuya su haɗu a sauran ranaku, ran nan kwalta ɗaya su ke takawa.

Masu keken kuma sun ƙago al'adu na kansu. Akwai ƙungiyoyin da kan taru da dare su zaga unguwanni cikin ayari, da fitilu da ƙararrawa. Akwai ranar da su kan sa tufafi irin na kakanninsu na wajen 1940, su hau tsofaffin kekuna su ratsa gari. In kuwa mota ta kashe ɗayansu, su kan shafa wa wani keke farin fenti su ɗaure shi a wurin, don kowane direba ya gani ya tuna.

To, ga inda maganar ta shafe mu. Ƙidayar zirga-zirga da hukumar birnin ta yi a 2019 ta nuna ana yin tafiya wajen 880,000 a kan keke kowace rana, amma ta mata ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Me ya jawo haka a garin da keke ya ke da wannan daraja?

Dalili na farko tsoro ne. Satar keke ta yi yawa a Bogota, wani lokaci har da makami, ga kuma 'yan iska masu jifan mace da maganganun banza a hanya. Na biyu, tafiyar mace ba irin ta namiji ba ce. Shi daga gida sai wurin aiki, ita kuwa za ta kai yaro makaranta, ta biya kasuwa, ta duba tsohuwa a asibiti, ga kaya a hannu. Na uku, mata da yawa ba a koya musu hawa ba tun suna ƙanana, an saya wa ɗa namiji keke, ita an bar ta da wanke-wanke. Na huɗu shi ne lokaci. Ranar Lahadin da maigida da yara su ke shan iska, sau da yawa uwargida tana gida tana wanki da girki.

A 2020 Claudia López ta hau kujerar magajin gari, ita ce mace ta farko da aka zaɓa a wannan muƙami, ta riƙe shi har ƙarshen 2023. Da annobar korona ta zo, ta sa aka ware wa kekuna ƙarin hanyoyi don rage cunkoso a motocin haya. Amma aikinta da ya fi taɓa mata shi ne cibiyoyin da ta fara buɗewa a unguwannin talakawa a wannan shekara. Mace takan kawo yaronta ko tsohon da ta ke jinya a kula mata da shi, a waɗansu cibiyoyin har injin wanki akwai. Ita kuwa sai ta shiga aji ta ƙarasa karatunta, ko ta huta, ko ta koyi hawan keke. Watau an gane cewa ba a ce wa mace ta fito ba tare da an sauke mata wani kaya daga kai ba. Ko da ya ke wannan bai kawar da ɓarayi daga hanya ba, ya dai taɓa tushen matsalar.

Mu a nan, tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a 2023, kowace uwa ta san yadda kuɗin motar makaranta ya ke cin kuɗin cefane, keke kuwa ba ya shan mai. Kowace ƙasa da al'adarta, ba kuwa cewa mu ke a kwafo ta Bogota dukanta ba. Amma tambayoyin da suka taso can namu ne. Wace uwa ce za ta saki ɗanta ko 'yarta a kan keke cikin manyan motoci? Ina yaran unguwarku su ke wasa in ba bakin kwata ba? In kuma an yi wurin, wa zai riƙe wa uwargida aiki har ta je ta gani?

Ƙungiyoyin mata da na iyayen yara suna iya kai wa ƙaramar hukuma wannan magana: titi ɗaya a unguwa, safiya ɗaya a mako, a bar wa yara. Mutanen Bogota ma da tituna biyu suka fara. Ku kuma 'yan makaranta, ku rubuto mana yadda ku ke zuwa makaranta da nawa ku ke kashewa a mako. Sai mun ji daga gare ku.