Shawarar Wata: Naman Kaza na Daji

Ƴan uwa manoma da makiyaya, zancenmu na wannan wata a kan naman kaza ne, wanda wasu ke kira laimar kwaɗi.

A ƙasarmu damina ce lokacinsa, musamman watan bakwai da na takwas. Bayan ruwa mai yawa, sai ka gan shi a gindin itace, bisa juji, ko kusa da suri. In ɗari ya shigo, sai dai ka iske mai tauri manne da kututture. Wannan ba abinci ba ne.

Na suri shi ne mai daɗin miya. Gara ke nomansa cikin gidanta. Yana da tsini a tsakiyar kai, da doguwar saiwa. A tono shi duka, a gwada ma wanda ya san shi sosai.

Akwai wani fari mai zobe a wuya. In ya tsufa, ƙarƙashin laimarsa na komawa kore. Dafi gare shi, yana sa amai da zawo. Wani irin ya fi shi mugunta: sai bayan awa 6 ko fiye ciwo ke tashi, ya ɓata hanta.

Dahuwa ba ta kashe irin wannan dafi. Don akuya ta ci ta kwana lafiya, ba shaida ba ce. Wanda ba ka sani ba, bar shi a daji. A gargaɗi yara masu kiwo.

In wani ya ci ya ji ba daidai ba, a kai shi likita nan take, tare da sauran abin da ya ci.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.