Sikelin Shiga Jami'a A Amurka

Ran 29 ga watan Yuni na shekarar 2023, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke wani hukunci wanda ya rushe hanyar da manyan jami'o'in ƙasar suka yi shekara 45 suna bi wajen ɗaukar ɗalibai. Kotun ta ce Jami'ar Harvard da Jami'ar North Carolina ba su da ikon duba launin fatar yaro su ƙara masa daraja saboda shi. Waɗansu suka yi murna, suka ce gaskiya ta yi halinta. Waɗansu kuwa suka ce an rufe wa baƙar fata ƙofar da iyayensu suka sha wuya kafin a buɗe. Mai karatu, kafin mu goyi bayan kowa, ya kamata mu duba sikelin nan da kansa, mu ga abin da ake ɗora masa, da kuma dalilin da ya sa aka ƙera shi haka.

Tushen rigimar dai shi ne masu nema sun yi yawa, gurabe kuwa kaɗan ne. A shekarar 2024 yara fiye da 54,000 suka nemi shiga Harvard, amma waɗanda aka ɗauka ba su kai 2,000 ba. Waɗanda suka ci dukan darussansu na sakandare ba tare da aibu ba sun fi yawan kujerun da ke akwai. Saboda haka maki shi kaɗai ba zai raba gardama ba. Sai a duba wuyar darussan da yaro ya zaɓa, da wasiƙun shaida na malamansa, da bayanin da ya rubuta game da kansa, da gwanintarsa a wasanni ko kiɗa, da hidimar da ya yi wa jama'a, da jihar da ya fito, har ma da ko mahaifinsa ya yi karatu a wannan jami'a.

Abin mamaki, wannan hanya ba don taimakon kowa aka fara ta ba. Cikin shekarun 1920, da 'ya'yan Yahudawa suka riƙa cin jarrabawar shiga Harvard da yawa, shugabanta Lawrence Lowell ya nemi a ƙayyade adadinsu. Da aka ƙi yarda a yi haka a fili, sai aka shigo da awon "hali" da "kamala", watau abin da ba a iya lissafawa da alƙalami, aka rage su a asirce. Bayan an yi dokar 'yancin jama'a ta 1964, wadda ta hana wariya a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati, sai aka juya wannan makami ɗin aka mai da shi hanyar shigo da baƙar fata, waɗanda aka bautar da kakanninsu, aka kuma daɗe ana hana su makarantun kirki.

Daga nan shari'a ta tashi. Makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta keɓe kujeru 16 cikin 100 don 'yan tsiraru. Wani Bature injiniya, Allan Bakke, wanda aka ƙi ɗauka a 1973 da 1974 alhali makinsa ya fi na waɗanda aka ba kujerun, ya kai ƙara. A 1978 Kotun Ƙoli ta ce a ɗauke shi, ta haramta keɓe kujeru, amma ta yarda a duba launin fata a matsayin abu guda cikin abubuwa da yawa. A 2003 aka sake komawa kan Jami'ar Michigan, wadda ke ba ɗan tsiraru maki 20 cikin 150, alhali wanda ya cinye jarrabawar SAT ɗungurungum maki 12 kawai yake samu. Kotu ta soke wannan lissafi, ta bar wa makarantar koyon aikin lauya ta jami'ar hanyarta ta auna kowane ɗalibi shi kaɗai. Mai shari'a Sandra Day O'Connor ta yi fatan nan da shekara 25 ba za a ƙara bukatar wannan tallafi ba. Shekara 20 kawai aka yi.

Ƙarar da ta kawo ƙarshen al'amarin, da sunan 'yan asalin Asiya aka shigar da ita a 2014. Takardun da aka tona a kotun Boston sun nuna cewa yaran nan suna gaba a maki, amma a awon "hali" kullum ana sa su baya. Duk wanda ya san abin da aka yi wa Yahudawa, dole gabansa ya faɗi. Alƙalin Alƙalai John Roberts ya ce lalle a auna yaro da abin da ya yi da kansa, ko da yake yana iya rubuta yadda launin fatarsa ya shafi rayuwarsa. Mai shari'a Sonia Sotomayor ta ƙi yarda, ta nuna cewa rufe ido ga bambanci ba ya kawar da shi.

Sakamako bai daɗe ba ya bayyana. A Jami'ar MIT, baƙar fata cikin sababbin ɗalibai sun faɗo daga kashi 13 cikin ɗari zuwa kashi 5 a 2024. Ba sabon abu ba ne, domin bayan jama'ar Kalifoniya sun jefa ƙuri'ar hana wannan tallafi a 1996, baƙar fatan da ake ɗauka a Berkeley sun ragu da fiye da rabi.

To, ga inda gizo ke saƙa. Binciken da masana suka yi kan takardun shari'ar ya nuna cewa kashi 43 cikin ɗari na farar fatan da Harvard ta ɗauka, ko dai 'yan wasa ne, ko 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, ko 'ya'yan ma'aikatan jami'ar, ko waɗanda ke cikin jerin shugabanni na musamman, inda 'ya'yan masu ba da gudummawar kuɗi ke shiga. Wannan gata hukuncin kotu bai taɓa shi ba. Ashe an sauke dutsen da ke gefen ɗan baƙar fata, an bar na gefen ɗan gata. In da gaske cancanta ake nema, ai daga nan ya kamata a fara.

Akwai kuwa wata hanya. Tun 1997 Jihar Teksas ta yi doka cewa yaran da suka zo cikin kashi 10 na sama a kowace sakandare suna da gurbi a jami'o'in jihar. Ba a tambayi launin kowa ba, amma ɗan ƙauye da ɗan unguwar talakawa sun sami shiga, domin da abokan zamansa ake gwada kowa.

Mu ma nan gida ba baƙi ba ne ga wannan gardama. A shekarar da aka yanke shari'ar Bakke aka kafa hukumar JAMB, kuma jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi 45 don cancanta, 35 don jihohin da ke kewaye da su, 20 don jihohin da aka bari baya a ilmi. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce, wa ke cin moriyar kashi 20 ɗin nan? Ɗan manomin da ya yi karatu a ajin da ba rufi, ko ɗan babban ma'aikacin da bai san jiharsa ba sai a takardar shaida?

A ganina, maki gaskiya yake faɗi, amma ba ya faɗin dukan gaskiya, gama wanda ya taso daga nesa ya iso tare da wanda aka sauke a bakin ƙofa, ya fi shi gudu. Sai dai nisan nan a gidan yaro da makarantarsa ake gane shi, fiye da a fatarsa ko sunan jiharsa. Sa'an nan mu tuna, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tallafin da kotu za ta iya sokewa da safiya ɗaya ba abin dogara ba ne. Makarantar firamare mai malamai da littattafai kuwa, babu alƙalin da zai ƙwace wa yaro abin da ya koya a cikinta.