Likitan Mishan Ya Tafi: Wa Ya Bari A Ɗakin Magani?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada ta rabu da ta Kano zuwa Zariya, ya san abin da za mu faɗa. Sau da yawa za ka ga an fito da majiyyaci daga ƙasar Doguwa, 'yan'uwansa suna shawara ko su nufi Kano ko su nufi Zariya. Wannan tsayuwa ita ta sa muka ɗauko zancen likitocin mishan da tafiyarsu.

A 1937 En'e-En'en Kano da Katsina da Sakkwato suka danƙa wa mishan ɗin Sudan Interior aikin kula da kutare, watau a Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. A 1943 kuma mishan ɗin nan ya buɗe Asibitin Ido a Kano. Ba mu ɓoye ba, su ma ba su ɓoye ba, sun zo ne da nufin yaɗa addininsu, kuma saboda haka sarakuna suka yi ta sa musu ido. Amma gaskiya ba ta da ƙanƙanta: sun wanke miyakun da da yawa daga cikinmu ba su iya ko dubansu. A zamanin nan kuwa maganin kuturta allurar wani mai ce mai zafin gaske, kafin ƙwayar dafson ta yaɗu a shekarun 1950.

To, baƙo raɓa ne. Wani tsufa ya kore shi, wani ciwo, wani karatun 'ya'yansa ya kira shi gida, wani kuwa saɓani da shugabanninsa. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓi asibitocin mishan da dama. Waɗansu suka yi murna, waɗansu suka yi baƙin ciki. A ganinmu duka biyu sun bar tambayar da ta kamata, watau wa mutumin ya koya wa aikin kafin ya ɗaure kayansa? Gini da gadaje da akwatin magani, sa hannu a takarda ɗaya ya isa ya mai da su na gwamnati. Hannun da ya iya cire yanar ido kuwa ba ya shiga takarda.

A duba Wusasa. Abin da mishan ɗin Dokta Miller ya bari mafi tsada ba tubali ba ne, mutane ne. Daga can Dokta Barau Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, haka kuma Dokta Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Sirrin kuwa makaranta ce ke jingine da asibitin. Asibitin Ido na Kano ma bai mutu ba, domin ikilisiyar ECWA ta gaje shi, 'yan ƙasa suka riƙe wuƙar fiɗa. Inda Bature ya riƙe mabuɗin komai a aljihunsa, yaransa ba su wuce wankin miki da share daɓe ba, ranar da ya hau jirgi aikin ya hau tare da shi. Wannan laifi nasa ne, kada a yi masa kara.

Amma rabin laifin namu ne, mu malaman makaranta da ma'aikatan hukuma. Yaro nawa muka tura daga Kiru ko Bebeji don ya koyi aikin jinya? Iyaye sun ji tsoron a juya wa 'ya'yansu addini, tsoron kuwa yana da dalili. Sai dai maimakon mu yawaita makarantun kanmu, muka naɗe hannu. Da Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, ai kowa ya ga likitocin da suka fito daga gidajen talakawa.

Yau abin ya sāke riga kawai. Likitan da ake turawa ƙauye ɗan ƙasa ne, amma shi ma idonsa na kan birni, ko Ingila, ko Saudiyya. Ba ma zarginsa. Wanda ba shi da wuta da ruwa da makarantar 'ya'ya, wa'azi ba ya tsai da shi.

Shawararmu ita ce, kada a yarda wani likita, na mishan ne ko na gwamnati, ya bar asibitin ƙauye sai ya yi watanni yana aiki tare da magajinsa, ya kuma miƙa littattafan majiyyata cikakku. Sa'an nan kowane shugaban makaranta a ƙananan hukumomin nan huɗu ya zaɓo yara masu kaifin lissafi, maza da mata, ya kai sunayensu gaban majalisa a biya musu karatu, bisa sharaɗin su dawo gida su yi aiki shekaru kaza. 'Yar Doguwa da ta zama ungozoma, uwarta na nan, gonar ubanta na nan, ba ta jiran wata takarda ta kira ta wani wuri.